Abin da Habu Ya Goge

Daren Talata, Soron Ɗinki

Yau injin katafilar da muke yashe kwatar Jakara da ita ya buga. Kwana uku da suka wuce allonta ya fara kunna jar wuta, wai inji ya ɗau zafi. Ni direba iyakata a allon shafin aiki. Shafin gyara, inda take ajiye kowace matsala, sai makaniki mai lambar sirri, wato Habu, wanda ni na kawo shi kamfanin nan lokacin da gwamnatin farar hula ta fara ba da kwangila.

Tun Asabar na gaya masa. Ya ɗan daddanna, wutar ta mutu, ya ce, "Yaya, waya ce ta saki, ci gaba da aikinka."

Yau da injiniyan kamfani ya zo ya sa aka buɗe shafin gyara. Wayam! Ashe gogewa Habu ya yi. Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni bai taɓa gaya mini ba." Ko kallona bai yi ba.

An karɓe makullin katafilar daga hannuna.

Da isha'i kusa da ni Habu ya tsaya a sahu, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Wallahi ban san surar da liman ya karanta ba.