Taswirar da Baba Ya Bari

Greenbelt, Maryland
Juma'a, 24 ga Mayu, 2024

Zuwa ga Yaya Aliyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Misbahu da 'yata Ilham. Ya zafin Zariya? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Na rubuto ne saboda kin san halina a waya. Da na fara magana sai in fashe da kuka, ki koma lallashina, abin da na kira dominsa ya bi ruwa.

An yaye mu ranar Talata. Umma ba ta je ba saboda takaba, ni ma ban roƙe ta ba. Anti Saudatu, ƙawarta ta Fort Washington, ita ta zauna a kujerar da na tanadar wa Baba. Da aka kira sunana ta rangaɗa guɗa har Turawan da ke kusa da ita suka razana. Na dawo gida na tarar da Umma a kan darduma. Ta shafa hular bikin, ta sa min albarka, ta ci gaba da jan carbinta. Abinci kuwa, cokali uku take ci, na ƙirga.

Jiya ina share motar Baba, na buɗe ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza, sai ga taswirar nan. Kin tuna ta. Shekara goma sha tara ya yi a gidan rediyo, kowace bazara sai ya shimfiɗa ta a tebur ya ce za mu ga garuruwan bakin teku, sannan ya naɗe ya ce, "Bari dai Sadiyya ta gama karatu." Ya zagaye wuri biyar da jan biro: tsibirin Kent, St. Michaels, Chincoteague inda dawakin daji suke, Hatteras, sai Ocracoke da ake shiga da jirgin fito.

Yaya, ni zan kai Umma. Na tsara kwana shida. Na kama ɗaki a kowane gari, na rubuta lokutan salla na kowane wuri, na kai motar an duba taya da birki. Na kuma yi lissafin takaba. Baba ya rasu Lahadi, 25 ga Fabrairu. Wata huɗu zai cika 25 ga Yuni, a ƙara kwana goma, Juma'a 5 ga Yuli ke nan. Asabar da safe sai mu kama hanya.

Ba yawon buɗe ido ne ya dame ni ba. A watan Agusta zan fara aiki a Gaithersburg, ina so mu koma can tare da ita. Amma kwanan nan in Kawu Mustafa ya kira daga Zariya sai ta rage murya. Ina ganin in ta ga ƙasar nan tana da wani abu ban da barandar asibiti da cunkoson motoci a titin Beltway, za ta yarda ta zauna da ni.

Abu ɗaya ke tsorata ni, gadar da ake hayewa zuwa tsibirin Kent. Tsawonta ya fi mil huɗu, ruwa kuma can ƙasa. Na kalli bidiyonta sau goma sha ɗaya.

Don Allah kada ki gaya wa Umma, so nake in ba ta mamaki. Ki gaishe da Inna, ki ce jikarta ta gama.

Ƙanwarki,
Sadiyya

Greenbelt, Maryland
Laraba, 26 ga Yuni, 2024

Yaya Aliyya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya, da fatan kuma zazzaɓin Ilham ya sauka. An yi Sallah lafiya? Mu dai mun yi ta a cikin ɗaki.

Ashe ke ma kin sani.

Ranar Lahadi Anti Saudatu ta zo da buhun shinkafa da manyan tukwane biyu, wai na sadakar fitar takaba ranar Litinin mai zuwa. Na ce mata ai ba Litinin ba ce, Juma'a ce, har na ɗauko kalanda na nuna mata. Ta dube ni, ta dubi kalandar, ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, da watan Bature ake takaba a garinku? Duk digirin lissafin nan!" Ta ƙirga min da yatsu. Baba ya rasu sha biyar ga Sha'aban, saboda haka Umma za ta fita ashirin da biyar ga Zulhajji, wato Litinin, 1 ga Yuli. Na sake lissafawa sau uku. Gaskiyarta ce. Ni da ba na aika saƙo sai na karanta shi sau biyu, na yi kuskuren kwana huɗu a kan abin da ya fi komai muhimmanci.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Na ce to, ba komai, tafiyarmu ai sai Asabar. Anti ta ce wace tafiya, jirgin da zai kai Umma Najeriya ba Laraba ba ne? Sai ta ga fuskata, ta kama bakinta.

Umma ta kira ni ɗaki ta zaunar da ni. Ta ce a gidansu in mace ta fita takaba, gidan ubanta take komawa, haka Inna ta yi, haka kakarsu ta yi. Kawu Mustafa ya yanki tikiti tun bayan sadakar arba'in, na 3 ga Yuli. Ta ce ba tilas aka yi mata ba. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, ita kuma miji ta biyo zuwa ƙasar nan, mijin ya tafi. Ta ɓoye min ne don kada in kasa rubuta jarrabawa, daga baya kuma bakinta ya yi nauyi.

Na ɗauko takardun tafiyar na zube mata a kan gado, har da lokutan jirgin fito. Na yi magana da ƙarfi, abin da ban taɓa yi mata ba. Na ce ni fa, gidan wa zan koma? Ta ɗauki taswirar Baba ta daɗe tana kallo, sannan ta sa ta ƙarƙashin matashinta.

Yaya, na aiko miki da ranar 5 ga Yuli baƙi a kan fari, kika amsa min da "Allah ya kai mu". Na san amanar Umma kika riƙe, amma ko lissafin ai da kin gyara min. Da na sani da wuri da na san yadda zan yi da kwanakin. Yanzu Litinin ta sadaka ce, Laraba ta jirgi. Talata kaɗai ta rage.

Jiya na soke ɗakunan duka. Matar otal ɗin Ocracoke ta tambaye ni ko in ɗaga zuwa baɗi. Na ce a'a.

Ki gaida mutanen gida. Ban yi fushin da zai daɗe ba, amma yau dai ina ciki.

Sadiyya

Greenbelt, Maryland
Alhamis, 4 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Yayata Aliyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Yaya Misbahu da Ilham da Inna. Ki yafe min zafin wasiƙar baya. Lokacin da za ki karanta wannan Umma tana hannunku. Ki duba min ƙafarta ta hagu, takan kumbura in ta daɗe a zaune.

Ranar Litinin an yi sadaka, mata goma sha huɗu suka zo. Umma ta yi wanka ta sa shuɗiyar atamfar da Baba ya saya mata. Da la'asar muka je maƙabarta, karo na farko da ta ga kabarin. Da za mu tafi ta ce min, "Na bar miki shi, ki riƙa leƙo shi."

Talata da hantsi ina ɗaure mata akwati, sai ta fito da mayafi da taswirar a hannu, ta ce in ɗauko makulli. Na ce Umma, kwana shida na tsara, yini ɗaya ba zai kai mu ko'ina ba. Ta ce zai kai mu na farkon.

Muna kan hanya ta gaya min abin da ban taɓa sani ba, ina jin ke ma haka. Shekarar da muka zo, Baba ya ɗauko ta su biyu za su tsibirin Kent. Da ya hango gadar ta miƙe sama, sai ya ratse gefen titi, gumi ya jiƙa masa riga, ya juya mota. Tun yana yaro kwalekwale ya taɓa kifewa da su a Yawuri, bai ƙara yarda da ruwa ba. Ya roƙe ta kada ta gaya wa yara. Duk "bari Sadiyya ta gama" ɗin nan, Yaya, ba hutu yake jira ba. Jira yake in girma in ja motar, shi ya zauna a gefe ya rufe ido. Umma ta ce har cewa yake, "Wannan mai ƙirge-ƙirgen ba za ta jefa ni a ruwa ba."

Daidai nan gadar ta bayyana. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na kafa ido a kan motar da ke gabana, ban dubi dama ko hagu ba. Umma ta ɗora hannunta a gwiwata tana salati a hankali. Minti bakwai muka yi a kai. Da muka sauka na tsaya a gefe na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi ba tun Fabrairu, ita kuma tana shafa bayana tana dariya da hawaye.

Mun sami wani ɗan bakin ruwa mai yashi. Umma ta cire takalmi ta shiga har idon sawu, ta ɗebo ruwan ta ɗanɗana, ta kira sunan Baba ta ce, "Yusha'u, ga tekunka." Yaya, ba teku ba ne. Mashigin ruwa ne, ainihin tekun yana gaba da kusan awa biyu. Maganar ta zo min har baki, na haɗiye ta.

Ban roƙe ta ta zauna ba. Na yi niyya, amma na ga yadda ta cinye abincin da muka tafi da shi tana ba ni labarin gidan Inna, sai na fasa.

Jiya na kai ta filin jirgin sama na Dulles. Gidan ya yi shiru, har yanzu kofi biyu nake ɗaukowa in zan haɗa shayi. Da na koma mota na tarar ta mayar da taswirar cikin ɗan akwatin motar. Ta ja layi a kan tsibirin Kent da jan biron Baba, ta rubuta a gefe: saura huɗu.

Ki kula min da ita. Ki tabbata tana ci.

Ƙanwarki mai kewarku,
Sadiyya