Rigar ta iya ruwa, yaron bai iya ba

Gwaggo, don girman Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya ƙulle kuma lokaci yana ƙure mini. Na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan ba ta zagayo ta dawo gidanmu ba.

Ni ma'aikaciya ce a wani shagon buga takardu da yin kwafi. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne jagoran ƙungiyar 'yan sikawut ta unguwarmu, yaran nan masu kaki da ƙyalle a wuya da ake koya wa ƙulla igiya da kafa tanti da taimakon gaggawa. Tun ban san kaina ba yake wannan hidima, har an manta sunansa, kowa Mai Usur yake ce masa. Bara ofishin shiyya ya aiko cewa dole kowace ƙungiya ta naɗa sakatare, kuma a buɗe wa kowane yaro fayil. Kawu bai nemi ra'ayina ba. Tsayawa kawai ya yi a ƙofar shagonmu ya sanar da ni cewa tunda ni ce mai kwamfuta, na zama sakatariya. Ni da ko tanti ban taɓa shiga ba. Ya dire mini wani kwali cike da takardu, wasu ruwa ya taɓa, wasu ɓera ya fara karantawa, ya hau kekensa ya tafi.

Cikin abin da ofis ya nema har da lambobin da kowane yaro ya ci. Lambobin nan su ne 'yan ƙyallayen da ake ɗinkawa a hannun riga idan yaro ya ci gwajin wani abu: akwai ta hura wuta, ta ƙulli, ta taimakon gaggawa, ta ninkaya. Na birkice kwalin nan kaf, babu inda aka rubuta wa ya ci me. Na tambayi Kawu, ya nuna kansa da yatsa ya ce duk suna nan ciki, amma ranar yana sauri. Ofis kuma sai waya suke yi mini. To sai dabara ta zo mini, kuma wallahi a lokacin har yaba wa kaina na yi. Ranar atisaye na jera yaran a filin makarantar da suke taruwa, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina duba hannun rigar kowa ina cika fom. Na buga tsaf, na sa hannu, Kawu ya sa nasa ba tare da ya karanta ba, na kai. Ma'aikacin ofis har cewa ya yi namu ya fi na kowa tsari.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, rigunan nan na gado ne. A ɗakin ajiyar ƙungiya akwai wata tsohuwar akwatin ƙarfe. Duk yaron da riga ta matse shi, sai ya wanke ta ya mayar cikin akwati, a ba wani ƙarami. Kuma ba a cire lambobin. Da gangan Kawu yake barinsu. Idan zai miƙa wa sabon yaro riga, sai ya gaya masa wanda ya sa ta kafin shi da abin da ya iya, ya ce masa sai ya yi ƙoƙari ya cika ta. Yaran duk sun san haka, iyayen sun sani, ni kaɗai ce baƙuwa a ciki.

Yadda na gano kuwa abin dariya ne, idan mutum yana da sauran dariya. Nan da 'yan makonni za a yi babban zaman sansani a bakin wani tafki, ƙungiyoyi da yawa za su haɗu. Ofis ya aiko da takardun izinin iyaye, kuma sun riga sun raba yaran rukuni-rukuni bisa fayil ɗin da na kai. Matar telan layinmu ta zo shago yin kwafin ta ɗanta, sai ta ga an sa autanta a rukunin masu shiga kwale-kwale, wai ya iya ruwa. Ta yi ta ƙyalƙyala dariya har tana riƙe cikinta, ta ce yaron da idan ana zuba masa ruwa a ka wajen wanka maƙwabta ke leƙowa su ga ko lafiya. Ta ɗauka kuskuren na'ura ne, ta sa hannu ta tafi abinta. Ni kuwa ban ɗauke shi wasa ba. Na bincika, ashe rigar yaron ta wani ce da yanzu direban babbar mota ne, har da 'ya'yansa. Da na sake duban sauran da idon basira, sai ga wani ɗan mitsitsi da lambar hura wuta, alhali ashana tsoro take ba shi. Wani ma yana sanye da lambar da aka daina bayarwa tun ba a haife shi ba. A yanzu haka ban san ko yara nawa cikin waɗanda na rubuta sun iya ruwa ba ne suka iya da gaske.

Na garzaya wurin Kawu. Ko a jikinsa. Ya ce in kwantar da hankalina, ya san kowane yaro kamar tafin hannunsa, wanda bai iya ba ba zai bari ya kusanci ruwa ba. Na ce masa a takardar sansanin an rubuta cewa za a cakuɗa yaran da na wasu ƙungiyoyi, kuma masu kula da ruwa daban ne, ba su san mu ba, takarda da hannun riga kawai za su duba. Ya ce shekara da shekaru yana kai yara daji, ko ƙaya ba ta taɓa kwana a ƙafar ɗan wani ba, yanzu ni da aka haifa a gabansa zan koya masa. Da na kawo maganar a farke lambobin, sai ya haɗe rai, ya ce duk wanda ya sa reza a rigunan nan ya yanke tarihin ƙungiya. Tun ranar gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa.

Na koma littafin dokoki, wai ko zan sami mafita, sai ya ƙara dagula mini lissafi. A wani shafi an ce ba a gyara fayil sai da sa hannun jagora. A wani an ce duk abin da sakatare ya sa wa hannu yana wuyansa. Can gaba kuma an ce ƙungiyar da aka samu da bayanin ƙarya za a dakatar da ita. To namu ƙarya ce ko kuskure? Littafin bai faɗa ba. Na je ofis na yi tambaya a kaikaice, kamar ga wata ƙungiya nake tambaya. Ma'aikacin ya ba ni fom ɗin gyara, ya ce sai wanda ya yi wa yaron gwaji ya sa hannu cewa ya janye sakamakon. Gwaggo, ta yaya mutum zai janye gwajin da bai taɓa yi ba? Na fito da fom a hannu na tsaya a bakin titi kamar wadda aka sauke a garin da ba ta sani ba.

A gida kuma Inna ta ji ƙishin-ƙishin. Ta zaunar da ni ta ce kada in kuskura in tona wa ƙaninta asiri a gaban hukuma, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan 'ya'yan mutane ba a biyansa ko sisi. Gaskiya ta faɗa, kuma ina son Kawu, shi ya riƙe mu lokacin da mahaifinmu ya rasu. Idan aka dakatar da ƙungiyar ta dalilina, yaran da suka shekara suna ɗokin sansanin nan za su zauna a gida, shi kuma ban san yadda zai ɗauka ba. Idan na yi shiru, kullum na rufe ido autan tela nake gani a cikin kwale-kwale. Har na yi tunanin in ajiye muƙamin in ce aiki ya yi mini yawa, amma sa hannuna yana can a ofis ko na ajiye ko ban ajiye ba. Tsoro nake ji, Gwaggo, kuma na kasa gane wanne ne daidai. Me zan yi?

Taki, Sakatariyar Dole

*

'Yata Sakatariya,

Sannu da wannan ɗawainiya. Kin haɗa matsaloli uku kin cusa a buhu ɗaya, shi ya sa ya gagare ki ɗauka: akwai ruwa, akwai fayil, akwai Kawu. Biyu za su iya jira, ruwa ba zai jira ba.

Ki fara da iyaye, a makon nan. Ki bi gidan duk yaron da aka sa a rukunin kwale-kwale, ki tambayi uwarsa ko ubansa kai tsaye ko ya iya ruwa. Matar tela ta sa hannu ne tana zaton kuskuren na'ura ne, hakkinta ne ta san da gaske za a saka ɗanta a jirgi. Wanda iyayensa suka ce ya iya ma, a nemi ƙwararre ya gwada shi a wurin ninkaya kafin tafiya. Wannan bai buƙatar izinin kowa.

Sai ofis. Ki daina tambaya da bakin wata ƙungiya. Ki rubuta gajeriyar takarda da sunanki, ki ce bayanin lambobin da kika kawo daga hannun riguna kika kwafa, kin gano rigunan na gado ne, kina neman a cire yaranku daga harkar ruwa har a tantance su. Ki kai da kanki, ki nemi ganin babba, ki karɓi shaidar cewa sun karɓa. Fom ɗin da aka ba ki an yi shi ne don wata matsala daban, ki bar shi. Sa hannunki naki ne, kina da ikon cewa abin da kika sa wa hannu ba daidai ba ne. Ban ga littafinku ba, don haka ba zan yi miki alkawarin ba za a hukunta ƙungiyar ba. Amma a sanina, hukuma tana bambanta wanda ya kawo kuskurensa da ƙafarsa da wanda aka kama. Ko da an hana ku sansanin bana, abu ne da ake jin zafinsa a warke.

Kafin ki kai takardar, ki je wurin Kawu, ki tafi da Inna. Ki fara gaya mata komai, har da abin da matar tela ta faɗa, don na tabbata rabin labarin ta ji. Kawunki ba sakarai ba ne. Al'adarsa ta riga mai kyau ce, na ma so ta, kuma ta yi aiki ne saboda idonsa yana kan kowane yaro. Abin da bai lissafa ba shi ne ranar da wani ido zai karɓi aikin. Kada ki je masa da maganar dokoki, zai ji kamar ana auna shi ne. Ki ce kin yi kuskure wajen cika fom, kuma ba mai iya gyarawa sai shi, tunda shi kaɗai ya san wa ya ci me. Ya zauna ya faɗa, ke ki rubuta. Lambobin gado kuma ba sai an zubar ba. Tela yana layinku: a mayar da su cikin rigar ta ciki, inda yaro zai san suna nan, hannun riga kuma ya ɗauki abin da mai ita ya ci da guminsa. Ki ba shi dama ya sa hannu tare da ke, ki gaya masa ranar da za ki kai. Idan ya ƙi, ki gaishe shi da ladabi, ki kai ke kaɗai. Fushinsa zai yi miki ciwo, na sani, amma kawu da 'yar 'yar'uwarsa suna da shekaru a gaba da za su shirya.

Batun ajiye muƙami ki cire shi a ranki sai bayan sansani.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Kowa a cikinku yana zaton ko an yi kuskure, autan tela zai buɗe baki ya faɗa. Na raini yara, ba zai faɗa ba. A bakin tafki, baƙon malami zai kira sunansa da ƙarfi a gaban sa'anninsa na wasu unguwanni, ga lamba a hannunsa, ga jagoran da yake ƙauna ya gaya masa ya cika rigar nan. Yaro a wannan hali ba ya ɗaga hannu ya ce bai iya ba. Zai haɗiye tsoronsa ya shiga, yana ganin abin da ake so ya yi ke nan. Don haka ki same shi shi kaɗai, ba a gaban abokansa ba, ki gaya masa kuskuren naki ne, kuma za a koya masa ruwa a hankali har ya ci tasa lambar.

Allah ya ƙarfafa zuciyarki, ya sanyaya ta Kawu, ya kai yaran nan lafiya, ya dawo wa kowace uwa da nata yana tafiya da ƙafafunsa.

Gwaggonku