Ƙanin Matata Ya Yashe Min Cikin Bindiga

Gaisuwa mai ɗinbin yawa ga manya da ƙanana, masu gemu da masu jiran ya fito, da duk wanda idonsa ya faɗo kan takardan nan! Kawu mai fili, ka taimakeni, raina a ɓace yake.

Ni mai gadin gona ne, inada bindiga da lasisinta. Ba yabon kai ba, aladun daji in sukaji tarina sai su canza hanya. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa harbi biyu kan dabba ɗaya ba.

To kwanaki harsashi ya fara cijewa, sai na danna da ƙarfi yake shiga. Ƙanin matata mai walda yazo gaisuwa, ya gani, yace wannan ai aikin minti biyar ne. Mutumin da ƙofar da yayi mana har yau sai an ɗagata take rufuwa! Ni kuma, tir da ni, na miƙa masa. Ya naɗa samfefa a bakin injin huda, ya zura a gurbin da harsashi ke zama, ya dinga gurza yana fito. Yanzu harsashi faɗawa yake kamar ƙafar yaro a takalmin babansa.

Tsaya tukuna. Duk mai tabarau na kare ido da baya amfani dashi, ya aiko min ta hannun Kawu. Da gaske nake.

Na gwada a bayan gona. Na auna garwa, na sami bishiya. Na biyu, kwanson harsashin ya fito a kumbure da tsaga a gindi. Na uku, hayaƙi mai zafi ya feso min a fuska, girata ta hagu ta tafi. Shi kuma ƙanin matata yana yawo yana cewa ya gyara.

Ga masara ta kusa nuna, mai gona yace in aladu suka sake shiga zai nemi wani. Uwargida tace kada in tozarta ƙaninta. In lallaɓa da bindigar haka har a girbe?

Naka, Sarkin Saiti

Sarkin Saiti, ka cire harsashi, ka kulle bindigar nan. Kada ka ƙara harbi ko ɗaya da ita.

An ƙera gurbin nan daidai jikin harsashi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba. Idan albarushi ya kama, kwanson yakan ɗan buɗe ya manne da bango, ya toshe baya, ƙarfin duka ya bi gaba. Da aka yashe bangon, kwanson ya rasa majingina, shi ya sa yake kumbura har ya tsage, wutar ta dawo maka. Harsashin kuma a karkace yake shiga bututu, don haka garwa ta tsira. Tabarau ba zai hana ƙarfe fashewa a hannunka ba.

Ƙanin matarka ya yi ganganci, amma da niyyar taimako ya zo, kuma kai da ka san bindiga ka miƙa masa. Mai yiwuwa datti ne kawai ya sa take cijewa, ko harsashin da ba nata ba. Ka kira shi gefe, ka nuna masa tsagaggen kwanson, ka ce kada ya sake taɓa bindigar kowa. Wannan ba tozarci ba ne.

Ka kai taka wurin mai gyaran bindiga mai izini ya auna. Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa, wataƙila sai an sauya bututun. Ka faɗa wa mai gona gaskiya yau, ku nemo mai tsaron masara na ɗan lokaci. Gara ya ji daga bakinka da ya zo duba ka a asibiti.

Allah Ya tsare maka idanunka, Ya bar ka a bakin aikinka.