Injin da Ka Aiko Ya Kashe Firij ɗin Inna

Mahuta,
22 ga Afrilu, 2024.

Yaya Zakariya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Murja da yara. Ya Fatakwal, ya aiki? Allah Ya ƙara buɗi. Mu a nan zafi ne ya matsa, mutane kuma suna ta sharar gona da kai taki kafin ruwa ya sauka. Baffa Labo ya warke daga ciwon ƙafar. Inna kuwa jiya aka sallamo ta daga asibiti a Funtuwa bayan kwana huɗu, kuma dalilin rubuta maka ke nan. Na ƙi kiranka a waya ne don na san zan ɗaga maka murya, kai kuma yayana ne.

Ka san na tafi Bakori kwana shida horon malaman gona a kan tsutsar masara. Aikin fili ne da ba ya buƙatar kwamfuta, don haka na bar laftof ɗina a gida. Da na dawo ban same ta ba. A wurinta na tarar da wani dogon akwatin ƙarfe a ɗakin da batiran sola da firij suke, ɗakin kuma ya yi zafi har ba ya shiguwa. Ubaidullahi ɗan Baffa ya ce kai ka aiko direba da akwatin, wai saba ce, irin babbar kwamfutar ofis, da kamfaninku ya daina amfani da ita. Ya ce ka ce a ba direban laftof ɗin ya kai wa Nana Aisha ƙanwar matarka a Zariya, tunda ni na samu abin da ya fi ta. Ya ce kuma ka jaddada masa cewa irin wannan inji ba a kashe shi. Ubaidullahi tela ne, Yaya. Abin da ka gaya masa shi ya yi. Duk sanda inbatar sola ta yi kuka ta ɗauke, sai ya jira rana ta ɗan cika batir ya sake kunnawa, injin ya sake zuƙe wutar tas.

Firij ɗin nan ka fi kowa sanin abin da ke cikinsa, don kai ka saye shi saboda allurar sugan Inna. Kwana biyar ya yi babu sanyi, a ɗakin kwano, a watan Afrilu, ga injinka yana hura masa zafi. Inna ba ta ce wa kowa komai ba, ta ci gaba da yin allurarta. Ranar da na dawo na same ta tana ta shan ruwa, bakinta a bushe, tana kirana da sunan marigayiya Tsohuwa, kakarmu. Likita ya ce sugan ya hau ƙwarai, kuma mai yiwuwa zafi ne ya rage ƙarfin maganin. Ya tambaye ni yadda aka yi muka bari haka ta faru.

Na ga saƙon da ka turo wa Ubaidullahi, inda kake cewa injin yana da furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, masu kawuna goma sha shida, laftof ɗina kuwa kawuna huɗu ne kawai, don haka ya ninka ta sau huɗu. Ba na son in yi maka gardama da ka, shi ya sa ranar da Inna ta fara samun sauƙi na sa aka ɗora shi a Keke Napep zuwa shagon Malam Abdussamad mai gyaran kwamfuta a Funtuwa. Yana da laftof irin tawa sak. Ya jona kowanne a ma'aunin wuta a gabana. Injinka, yana zaune ba ya aikin komai, yana jan wat ɗari biyu da hamsin, in an ba shi aiki ya haura ɗari huɗu. Laftof ɗin ba ta kai ashirin ba, har da hasken fuskarta. Farantin sola biyu ne fa a rufinmu.

Sai na ba shi filashi mai sunayen manoman ƙungiyarmu, mutum dubu biyu da ɗoriya, na ce ya tsara su ƙauye ƙauye kamar yadda nake yi. Laftof ɗin ce ta riga gamawa. Malam Abdussamad ya ce furosesan sabar sun haura shekara goma sha biyu, kowane kai ɗaya nasu bai kai kan laftof ɗin sauri ba. Yawan kawunan yana da amfani ne in mutane ɗari suna aiki a kan injin lokaci guda, a ɗaki mai iyakwandishan da wutar da ba ta yankewa. Ya ce ba laifin injin ba ne, don wurin da aka yi shi dominsa ya yi aiki mai kyau. Ya tambaye ni ko wanda ya aiko shi ya taɓa zuwa Mahuta. Na ji kunya na ce a nan aka haife shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wannan fannin aikinka ne. Da ka zauna minti biyar da biro ka lissafa, da ka gane. Amma ka ga abu babba ana shirin jefarwa, ka ce bari a kai ƙauye, za su yi murna. Ba ka tambaye ni ba. Na san kai ka saya mini laftof ɗin, amma shekara uku ina aiki da ita, ina sa ta a jaka in hau babur zuwa gonakin mutane, ta wuni ba ta nemi caji ba. Wannan akwatin sai maza biyu suka ɗaga shi. Ta yaya zan kai shi gonar Malam Sule? Ƙarshen wata za a rufe rajistar irin masara, saura ƙauyuka uku ban shigar ba, yanzu da hannu nake rubutawa.

Ga abin da nake so. A dawo mini da laftof ɗina kafin Juma'a. Ba ni da matsala da Nana Aisha, ba ta san komai ba, kai za ka yi mata bayani. Kada ka yi wa Ubaidullahi faɗa, tun ranar ba ya iya haɗa ido da ni. Sannan ka kira Inna da kanka, ba ta wayata ba.

In ka kira ta, ka sani ba ta san na rubuta maka ba. A gadon asibiti ta riƙe hannuna ta ce kada in gaya maka, wai ranka zai ɓaci, kuma alheri ka nufa. Na so in bar injin a shagon Malam Abdussamad, ta ce a dawo da shi, kayan ɗanta ba za su kwana a kasuwa ba. Yanzu haka yana ɗakinta, a kashe. Ta lulluɓe shi da sabon zanenta na Sallah, duk wadda ta zo dubiya sai ta ɗaga gefe ta nuna mata abin da Zakariya ya aiko daga Fatakwal. Ni kuma ina zaune a gefe ina kallo.

Ka gaida Anti Murja, da Muhammad Awwal da Humaira. Baffa Labo da Sa'adatu suna gaishe ka. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya huce mini zuciya a kanka, don har yanzu ba ta huce ba.

Ƙanwarka,
Lauratu.