Muryar Baba ta maƙale a kwamfuta, ga biki ranar Asabar

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka taimaka ka ɓoye sunana, akwai 'yan uwana a nan ciki kuma ba na so su ji maganar nan kafin in san abin yi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni da wuri, don ranar Asabar ɗin nan za a kai autarmu ɗakin mijinta, ni kuma amanar da aka ba ni ta ƙi buɗewa.

Ni 'yar Tudun Wada ce a nan Zariya, ina ɗan aikin haɗa sauti, tallar shaguna da sanarwar biki da makamantansu, a wani gidan rediyo na koya lokacin da makaranta ta tura mu sanin makamar aiki. Babanmu tsohon hedimasta ne, irin mutanen nan da in sun yi gyaran murya daga zaure kowa a gida sai ya nemi abin yi. Kafin wannan lamarin ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da Innarmu ta rasu shi ne ma yake tsawatar mana. A gidanmu duk wadda za a aurar, kafin a fita da ita sai an kai ta ɗakinsa ta durƙusa, ya yi mata faɗa ya sa mata albarka, sannan gwaggonni su ja ta zuwa mota. Ni ma an yi min, har yau in muka saɓa da maigidana muryarsa nake ji a kunnena.

Bara aka gano ciwo a maƙogwaronsa, likita ya ce sai an yi aiki, kuma bayan aikin ba zai ƙara magana ba. Bai nuna damuwa ba, sai dai kafin ranar ya aika aka kira ni, ya ce in zo da kayan aikina. Ya ce Auta kaɗai ta rage, ba ya so a fita da ita ba ta ji nata daga bakinsa ba. Haka na riƙa zuwa da hantsi, mu kashe fanka, in kori kaji daga bakin ƙofa, ya yi magana kaɗan tari ya sarƙe shi, mu tsaya, gobe mu ci gaba. Sai ya kafa min sharaɗi, ya ce in cire duk tarin, kuma kada in kuskura in mayar da sautin abin da za a tura a waya, wai in ya shiga wayar gwaggo ɗaya kafin la'asar ya kai Legas. Ya ce sautin ya zauna a kwamfutar, ranar biki shi zai danna da hannunsa. Na yi dariya na ce to Baba, na bar aikin a cikin manhajar haɗa sautin yadda yake, ban fitar da shi ba, ban kwafa ko'ina ba.

An yi aikin, Allah ya tashi kafaɗarsa, amma muryar ta tafi kamar yadda aka faɗa. Yanzu da hannu yake magana, in ta kama ya rubuta a ɗan allo.

Makon jiya Yayanmu namiji ya ari kwamfutar zai tsara katin biki, ya ga tana nauyi, sai ya ce bari ya yi min gwaninta ya kai ta wurin wani mai gyara a Kwangila, bai tambaye ni ba. Ga waɗanda ba su san aikin ba, fayil ɗin da kake dannawa ka buɗe ba shi ne sautin ba, sautin yana cikin wata folda a gefensa, an yayyanka shi ƙanana-ƙanana, kowane da suna na lambobi marasa kan gado. Mai gyaran ya buɗe foldar ya ga tarkace rututu, ya ce ai bairos ne irin wanda filashi ke kwasowa a shagon buga takardu, ya share ta, ya sake wa kwamfutar komai, ya adana min fayil ɗin nan guda ɗaya da na rubuta wa Nasihar Auta. Wato murfin ya ajiye min, ya zubar da tukunyar.

Da na danna sai ta rubuto min wai ba ta ga foldar sautin ba. Na sake dannawa, haka. Wallahi sai na zauna a ƙasa. Ba abin da ban gwada ba, na duba kwandon shara, na duba inda manhajar ke ajiye aiki da kanta, na sauke tsohon samfurinta ko sabon ne ya ƙi, na kai fayil ɗin wata kwamfutar, duk amsa ɗaya. Daga baya na buɗe shi a matsayin rubutu, sai ga alamomin da na sa da hannuna suna nan a jere, tari, tari, ya yi dariya a nan, maganar haƙuri, maganar dangin miji, addu'a. Komai na nan an lissafa, maganar ce kawai babu.

Mun yi faɗa da Yaya irin wanda ba mu taɓa yi ba. Ya ce wane mai hankali ne zai ajiye abu irin wannan wuri ɗaya, na ce wane mai hankali ne zai kai kayan mutane gyara bai tambaya ba, ya ce ni da nake taƙama da aikin rediyo ai ni ya kamata in sani, na ce umarnin Baba na bi, in yana da ƙarfin hali ya je ya faɗa wa Baban haka. Da ya huce ya zo da dabara, wai Baffanmu ƙanin Baba muryarsu ɗaya, in rubuta abin da na tuna Baffa ya karanta in gyara. Na ce masa to Baban da zai zauna a wurin ya danna da kansa, shi ma bai san muryarsa ba ne? Ya ce to Baba ya rubuta a karanta wa Auta. Ai abin da Baba ya guda ke nan tun farko, ya ce takarda kowa ma zai iya karantawa.

Na kai kwamfutar wurin wata ƙawata da ke koyar da harkar kwamfuta a Kongo nan Zariya. Ta ce in daina kunna ta kwata-kwata, ta cire ma'ajiyar ta haɗa da tata ta yi ta tono. Wasu guntayen sun dawo, amma yawancinsu shuuu kawai suke yi, don sabbin abubuwan da mai gyara ya ɗora sun hau kansu. Masu lafiyar kuma kowane bai wuce numfashi biyu ba, babu suna babu jeri. Na sa abin ji a kunne ina bin su ɗaya-ɗaya, nan rabin kalma, nan tari, nan zakaran maƙwabta.

A cikinsu ne na samu waɗanda suka haɗu da juna suka ba da magana cikakkiya, ba ta fi minti ɗaya ba. Kuma jama'a, wurin da ya ce in goge ne. Ranar ƙarshe da muka yi ɗauka yana cikin maganar girki da tsabta sai ya tsaya, ya kira Auta da sunan da Inna ke kiranta, ya ce ita ce ta riƙe shi tun da Inna ta tafi, bai taɓa ce mata ya gode ba, ya ce bai san yadda gidan zai zama in ba ta ciki ba. Muryarsa ta karye, ya yi kuka sosai, ni kuma na sunkuyar da kai kamar ba na wurin. Da ya natsu ya ce, "Goge wannan, ba nasiha ba ce." Na yanke shi a gabansa ya gani. Ashe manhajar ba ta zubar da guntayen ba, suna can ƙasa, su ne kuma suka tsira. Duk faɗan da ya tsara, da addu'ar, sun tafi.

Yanzu kullum na shiga gaishe shi sai ya nuna maƙogwaronsa, ya nuna jakata, ya ɗaga gira. Ni kuma in ce komai lafiya Baba. Jiya har ya sa an wanke masa babbar rigarsa, ya rubuta a allo wai in zo da sifika mai kyau, kada ta yi ƙara. Ita kuma Auta ba ta san da ɗaukar ba ma, shekaranjiya ana yi mata gyaran jiki take ce min ita dai ba ta da sa'a, kowa ya ji nasa ban da ita. Na tashi na fita tsakar gida don kada ta ga fuskata.

In akwai wanda ya san wata hanyar dawo da sauran guntayen, ya yi wa admin magana, ma'ajiyar na nan a cire ba wanda ya sake taɓa ta. Amma ƙawata ta ce kada in sa rai, kuma na yarda da ita.

To ya zan yi? In na je na faɗa masa gaskiya duka, na san Baba, zai ce in goge wannan ɗin ma, kuma zai tsaya a kaina sai na goge, shi ke nan Auta ta tafi ba ta ji komai ba, mu ma muryarsa ta ƙare mana a duniya. In na yi shiru na bar shi ya danna ranar Asabar, zai ji kukansa yana fita daga sifika a gaban 'yarsa da gwaggonni, ba shi da bakin da zai ce a kashe, kuma ni na yi masa haka. In na tura wa Auta a ɓoye bayan biki, na karya sharuɗɗansa biyu a lokaci ɗaya, kuma ranar Asabar ɗin dai sai na shiga ɗakin nan da jaka ba komai a ciki.

Iyaye maza da ke cikin zauren nan, ku na fi so ku amsa min. In da kai ne, muryarka ta tafi, abin da ya rage a duniya shi ne minti ɗayan da ka ce a goge, za ka so 'yarka ta ji ko kuwa? Gobe da hantsi zan je gaishe shi, kuma na san zai nuna jakar.