Ledar Rilwanu

Talata, 9 ga Yuli
Ƙafa ta karye. Moto na ɗauko, babur ke nan, na ce sai na nuna wa samarin tasha ana tuƙi ba hannu. Sun gani. Mai ɗori ya ce kwana arba'in a zaune.

Alhamis, 11 ga Yuli
Matata Lantana ta tafi Gidan Sori jinyar uwarta. Ta bar mini yaran da take raino in iyayensu mata sun tafi gona. Su biyar, da Fati ɗiyata shida. Na ce mata raino ai zama ne. Ba ta ko amsa ba. Ni Labo, aji huɗu kawai na yi a lakol, makarantar boko, yau na zama madam mai kula da yara.

Lahadi, 14 ga Yuli
Akwai Rilwanu ɗan Saliha, shekara biyu, tamowa ta kama shi. Wuya kamar kara. Likita na ba shi ƙullun gyaɗar nan na leda, biyu a yini. Saliha ta ce, "Baban Fati, maganinsa ne, shi kaɗai." Na ce to. Ina yaga leda ido goma suka kafe ni, Fati ta fasa ihu. Wa zai ci da yaro ɗaya biyar na kallo? A gidanmu ba a yi. Na lakata wa kowa a yatsa. Tsit.

Laraba, 17 ga Yuli
Dabara ta zauna. Na jera su, na ce ni jandarma, kowa ya buɗe baki a duba takardu. Dariya har da faɗuwa. Rilwanu ba ya gardama, a ba shi ya lasa, a hana shi ya yi shiru. Shi ya sa nakan mance shi a ƙarshe.
Na ɗanɗana ni ma. Sau biyu. To, uku.

Laraba, 24 ga Yuli
Ranar awo. Nauyin Rilwanu ya ragu. Zaren da suke ɗaura masa a damtse ya nuna ja. Wai malamar likita ta ce wa Saliha gaban mata, "Ku ne masu kai ledar yara kasuwa." Ta zo tana ba ni labari tana share ido da bakin zane. Na ce likitoci ba su da kunya.
Abin da na ce ke nan.

Juma'a, 26 ga Yuli
Fati ta yi kumatu. Ban son kallonsu.

Asabar, 27 ga Yuli
Yau Rilwanu kaɗai na ba, a bayan rumbu, sauran na ta kuka. Ya lasa sau biyu ya kau da kai. Ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna yatsa ramin ba ya cikowa.

Litinin, 29 ga Yuli
An wuce da shi asibitin Agiye. Magana ta kai kunnen Ayuba mijin Saliha. Ta katanga na ji: "Nawa kika sayar?" Sai ƙarar mari. Kafin ta hau mota ta leƙo, kunci a kumbure, ta ce, "Allah saka, Baban Fati, ka yi ɗawainiya da shi."
Na ce amin.

Alhamis, 1 ga Agusta
Lantana ta dawo. Na fara mata da wasa, ya ƙi fitowa, sai na faɗa yadda yake. Ta daɗe tana naɗe tabarma. Ta ce, "Ni ba a mare ni ba. Me ya sa ni kake faɗa wa?"

Juma'a, 2 ga Agusta
An ce Rilwanu ya karɓi madara ta tiyo a hanci. Da rai dai.
Ayuba zan faɗa wa gaskiya tukuna, in an taso daga masallaci, inda mutane za su ji. Sannan malamar awo. Saliha ce ban san da wane baki ba.
Na sa a sassaƙo mini sanda. Gidan Ayuba taki ɗari ne, bai kai ba ma. Tun safe nake kallon ƙofar.