Sandar Ilu ta kwana a ruwa

Lahadi da dare, 12 ga Safar 1427

Wallahi har yanzu cikina ciwo yake don dariya.

Tun da motar tumatir ta taka sandar da Ilu ke buga wasan sunuka da ita yake yawon neman wata. Bai san ni na jingine ta bayan taya ba. Kafintan Kura ya yi masa mai kaurin taɓarya, sai da ya je Kumbotso wajen masu sassaƙa su, aka auna hannunsa, aka fito da ita santal.

Jiya na ce, “Mutumina, sabon ice ai sai ya kwana a ruwa, kamar ƙotar fartanya.” Sakaran ya tura ta cikin ruwan kanal na noman rani.

Yau 'yan Madobi suka zo karawa, ga sanda ta sha rana ta lanƙwashe kamar lauje. Ci uku suka yi wa Ilu, gwaninmu na Bunkure. Yara na ihu, “Ilu mai lauje!”

Da aka watse ya same ni, ido jajur. Na zaci duka ne.

“Don Allah, ko ban jiƙa ta sosai ba ne?”

Na ce ya ƙara mata kwana biyu.